Yadda ake gano nauyin ƙwayar iska daga matsi da jan ƙasa

Ɗaliban fiziks da malamansu sun sha kawo wannan tambaya ta fuska biyu. Wasu a takardar jarrabawa suka gamu da ita: an ba su matsin iskar wata duniya da ƙarfin janta, an ce su faɗi wace iska ce. Wasu kuma so suke su auna da hannunsu, su ga ko lambar da ke cikin littafi za ta fito. Lissafin iri ɗaya ne, don haka za mu bi aikin hannu daga farko har ƙarshe, daga nan mu juya kan tambayar jarrabawa.

Matsin iska a wuri ɗaya da ƙarfin jan ƙasa, su biyu kaɗai, ba za su ba ka nauyin ƙwaya ba, kuma a nan mutane da yawa suke ɓacewa tun ba a je ko'ina ba. In ka raba matsin bakin teku, wato Paskal 101,325, da ƙarfin jan ƙasa, 9.81, za ka samu kusan kilogiram 10,330. Wannan nauyin dukkan iskar da ke tsaye a kan murabba'in mita ɗaya ne, bai faɗi komai a kan irin iskar ba. Abin da ke tona asirinta shi ne saurin raguwar matsi idan ana hawa sama. Iska mai nauyi tana taruwa a ƙasa, matsinta ya faɗi da wuri, mara nauyi kuwa tana bazuwa zuwa can sama. Zafi ma yana baza iska, shi ya sa dole a san shi. Abubuwa biyar ke nan ake nema: matsi a ƙasa, matsi a sama, tsayin da ke tsakani, zafin iskar, da ƙarfin jan ƙasa.

Ga ƙa'idar:

M = (R × T) ÷ (g × h) × ln(P1 ÷ P2)

M shi ne nauyin mol ɗaya na iskar, a kilogiram; mol kuwa ƙayyadadden adadin ƙwayoyi ne, 6.022 × 10^23. R lamba ce da ba ta canzawa, 8.314. T zafi ne a ma'aunin Kelbin, g ƙarfin jan ƙasa, h tsayi a mita, P1 matsin ƙasa, P2 matsin sama, ln kuma logarithm ne da ke da maɓallinsa a kalkuleta.

1. Haɗa kaya

Babban kayan aikin shi ne ma'aunin matsin iska, wato barometa, kuma mai yiwuwa yana aljihunka. Kusan duk wayoyin iPhone tun daga iPhone 6 suna da shi, haka yawancin manyan wayoyin Samsung Galaxy S. Ƙananan wayoyin Android da yawa ba su da shi. Sauke manhajar phyphox, wadda jami'ar RWTH da ke Aachen a Jamus ta ƙirƙira, kyauta ce. Idan sashen matsi ya buɗe ya fara nuna lamba a hPa (hPa ɗaya Paskal ɗari ne), wayar ta yi. Idan ya ƙi buɗewa, a ari wata. Makarantar da ke da allon Arduino za ta iya amfani da 'yar na'urar BMP280 ta kamfanin Bosch, wadda take gane bambancin matsi na kusan hPa 0.12.

Sauran kayan su ne tef ɗin awo irin na magina, igiya mai tsawo da ɗan ƙarfe ko dutse a bakinta, ma'aunin zafi na ɗaki, kalkuleta mai maɓallin ln, da takarda. Kuɗin da za a kashe bai wuce na tef da ma'aunin zafi ba, su ma ana samunsu aro a ɗakin gwaje-gwajen makaranta.

Hattara: matsin da manhajar hasashen yanayi ke nunawa ba shi da amfani a nan. An gyara shi ne ya koma kamar a bakin teku aka auna. A Kano, wadda ke kusan mita 480 sama da teku, matsin gaske yana wajen hPa 955 zuwa 960, amma manhajar yanayi za ta nuna maka 1010 ko kusa da haka, kuma lambar ba za ta motsa ba ko ka hau bene goma.

2. Zaɓi wuri mai tsayi

A zafin ƙasarmu, kowace mita ɗaya da ka hau tana rage matsi da kusan hPa 0.11 ne kawai. Hawa ɗaya na bene, mita uku, zai ba ka 0.32, alhali lambar waya tana rawa da 0.02 ko 0.03 ko tana ajiye. Kuskuren kashi goma cikin ɗari ke nan tun kafin a taɓa kalkuleta. Nemi gini mai aƙalla mita 15, in da hali sama da 20. Matakalar da ke buɗe, iska na shiga tana fita, ita ce ta fi. A nemi izinin masu gini, kada kuma a hau hasumiyar tankin ruwa ko ƙarfen sadarwa saboda wannan aiki.

Hattara: kada a auna cikin ɗaki rufaffe mai na'urar sanyaya iska, ko cikin lif yana tafiya, ko a bakin tagar da iska ke bugawa. Rufe ƙofa da ƙarfi ma yana sa lambar ta yi tsalle.

3. Auna tsayi da tef

Idan matakalar tana da rami a tsakiya, sako igiya daga daɓen sama har ƙarfen ya taɓa daɓen ƙasa, ka sa alama, sannan ka auna igiyar da tef tana miƙe kamar yadda take lokacin da ƙarfen ke rataye. Igiyar roba tana ƙara tsawo da nauyi, in ka auna ta a sake za ka samu abin da bai kai ba. Idan babu rami, ƙirga takun matakala ka ninka da tsayin taki ɗaya. Sai dai magina ba sa daidaita su duka, takin farko da na ƙarshe a kowane hawa sukan bambanta. Auna goma a wurare daban-daban ka ɗauki matsakaici, ko ka auna daga daɓe zuwa daɓe a kowane hawa ka tara.

A misalin da za mu bi, taki 150 ne, kowane mita 0.165, tsayi ya zama mita 24.75.

Hattara, kuma wannan ya fi kowane muhimmanci: kada ka ɗauki tsayi daga manhajar auna tsayi ta waya. Yawancinsu daga matsin iska suke lissafa tsayin, suna ɗauka tun farko cewa nauyin mol ɗaya na iska giram 28.96 ne. In ka mayar da wannan tsayi cikin ƙa'ida, lambar da manhajar ta ɗauka ce za ta dawo maka, ka yi murna alhali ba ka auna komai ba. Tsayin GPS kuma yakan kauce da mita goma ko fiye, kusan rabin ginin gaba ɗaya.

4. Zaɓi lokaci

Littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika jan hankali a kan wannan ba, mu kuwa ya shafe mu ƙwarai. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, wato layin Ikwaita, matsin iska yana hawa yana sauka sau biyu kowace rana ko da sama tana garau. Yana kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ya faɗi ƙasa wajen 4 na yamma da 4 na asuba. Daga hantsi zuwa la'asar faɗuwar kan kai hPa 3 ko fiye, wato ta zarce duk bambancin da ginin mita 25 zai ba ka. Wanda ya auna ƙasa da azahar, ya tsaya hira, ya auna sama bayan rabin awa, ya gauraya raguwar tsayi da raguwar lokaci.

Fara tsakanin ƙarfe 9 da rabi zuwa 10 da rabi na safe, lokacin da matsin ya kai sama ya ɗan tsaya kafin ya juyo. Ranar da hadari ya haɗu, ko iskar gaban ruwa ta taso, a bar aikin sai wata rana, domin matsi yana iya tsalle da hPa ɗaya ko biyu cikin 'yan mintuna.

5. Ɗauki matsi: ƙasa, sama, ƙasa

Cire wayar daga rigarta, ka kunna manhajar minti biyar kafin a fara. Ajiye ta a kwance a kan daɓen ƙasa, ka janye hannunka. Wayoyin da ruwa ba ya shiga a rufe suke gam, ta wata 'yar kafa kaɗai iska ke kaiwa ga na'urar. Gwada danna fuskar wayar da babban yatsa kana kallon lambar, za ka ga ta ɗaga nan take, sannan ta sauko a hankali. Riƙe waya da ƙarfi a hannu yana yin irin haka.

Bari ta yi minti ɗaya tana ɗauka, ka rubuta matsakaicin da lamba biyu bayan ɗigo, tare da lokaci. Hau sama ba tare da tsayawa ba, ka ajiye ta a daɓen sama, ka jira rabin minti ta natsu, ka ɗauki minti ɗaya. Sauko nan da nan ka sake aunawa a daidai inda ka fara. Matsakaicin awon ƙasa guda biyu shi ne P1, kuma shi ne ke share canjin da lokaci ya kawo, muddin lokacin hawa da na sauka sun yi kusan daidai.

A misalinmu: ƙasa 958.46, sama 955.78, ƙasa kuma 958.38. P1 ya zama 958.42, P2 kuma 955.78, bambanci 2.64.

Hattara: in ka riƙe wayar a ƙirji a ƙasa, a sama kuma ka ajiye ta a daɓe, ka rage tsayin da fiye da mita ɗaya ba ka sani ba. A ginin mita 25, kashi huɗu ne cikin ɗari. Idan awon ƙasa biyun suka bambanta da fiye da 0.2, a sake daga farko. Kada kuma a sa waya ɗaya a ƙasa wata a sama a kwatanta su kai tsaye, domin wayoyi biyu a kan tebur ɗaya suna iya bambanta da hPa ɗaya. In dole sai da biyu, a fara ajiye su gefe da gefe a rubuta bambancinsu, daga baya a cire shi.

6. Auna zafi, ka mayar Kelbin

Zafin iskar da ke tsakanin wuraren biyu ake so. Rataye ma'aunin a inuwa, nesa da bangon da rana ta gasa, minti biyar a ƙasa, minti biyar a sama, ka ɗauki matsakaici. Zafin da waya ke nunawa na batir ne, a bar shi. Ƙara 273.15 a kan abin da ka samu: digiri 31 ya zama Kelbin 304.15. Kuskuren digiri ɗaya a nan bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, don haka ma'auni mai arha ya wadatar.

7. Sa ƙarfin jan ƙasa

Littafi yana cewa 9.81, wasu malamai su ce a ɗauki 10 don sauƙi. Daga Accra har Yamai, lambar da ta dace ita ce 9.78, saboda jan ƙasa ya ɗan fi rauni kusa da tsakiyar duniya. Bambancin 9.78 da 9.81 ƙanƙani ne, amma 10 zai rage maka sakamako da kashi biyu cikin ɗari. Mai son gwadawa zai iya rataye ƙarfe a zare mai tsawon mita ɗaya cif, ya ƙirga lilo 20 zuwa da dawowa, zai samu wajen daƙiƙa 40.2. Yana da kyau ga aji, sai dai yatsa a kan agogo bai kai 9.78 daidaito ba.

8. Yi lissafi

Bi shi daki-daki, kana rubuta kowace lamba.

R × T = 8.314 × 304.15 = 2528.7
g × h = 9.78 × 24.75 = 242.06
2528.7 ÷ 242.06 = 10.447
P1 ÷ P2 = 958.42 ÷ 955.78 = 1.002762
ln(1.002762) = 0.002758
M = 10.447 × 0.002758 = 0.02881

Kilogiram ne wannan. Ninka da 1,000, ka samu giram 28.8 a kowane mol.

Tunda raba matsi da matsi ake yi, hPa ko Paskal duk ɗaya ne, in dai biyun ma'auninsu ɗaya. Saboda wannan dalili ne kuma ko wayarka ta kauce wa matsin gaske da hPa ɗaya ko biyu babu damuwa, kaucewar tana cikin duka awon.

Kura-kurai uku ne ke yawan faruwa a wannan mataki, kowanne da alamarsa. In ka samu wajen 2.9, ka manta da Kelbin, 31 ka sa. In ka samu 12.5, maɓallin log ka danna maimakon ln. Na ukun ya fi haɗari domin amsarsa tana kama da gaskiya: ka taƙaita 1.002762 zuwa 1.003. Ɗan hakin da ka raina ke nan, sakamakon zai koma 31.3, har ka ɗauka iskar kusan oksijin ce zalla. Duk labarin yana cikin lambobin da ke bayan sifili biyun nan, don haka a bar aƙalla shida bayan ɗigo, ko a bar amsar cikin kalkuleta a danna ln kai tsaye.

Don tabbatarwa, bi ta wata hanya. Mayar da bambancin matsi Paskal, 264, ka raba da g × h, ka samu 1.091, wato kilogiram nawa ke cikin iska mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya. Ninka da 2528.7, ka raba da matsakaicin matsi a Paskal, 95,710. Amsar 0.0288 ce. A nan kam dole Paskal, in ka sa hPa lambar za ta ninku ɗari. Wannan gajeriyar hanya tana aiki ne a ƙaramin tsayi kawai, in an kai kilomita a koma wa ln.

Wanda ya auna a kowane hawa ya fi samun amsa mai ƙarfi. Jera tsayi a layi ɗaya na Excel, LN na matsi a layi na biyu, ka nemi gangaren da SLOPE. A misalinmu zai fito wajen 0.0001114 da alamar ragi. Watsar da alamar, ka ninka da R × T, ka raba da g.

9. Karanta sakamakon

Busasshiyar iskar duniyarmu 28.96 ce: kashi 78 naitirojin mai nauyin 28.01, kashi 21 oksijin mai 32.00, kusan kashi 1 agon mai 39.95, da ɗan kabon dayoksaid mai 44.01. Abin da ka auna matsakaicin wannan gauraye ne. Rawar hPa 0.05 a kan 2.64 tana nufin amsarka tana iya kaucewa da rabin giram, don haka rubuta ta a matsayin 28.8, ƙari ko ragi 0.5. Duk abin da ya faɗo tsakanin 28 da 30 aiki ya yi kyau. Kada ka yi ta sake awo kana zubar da wanda bai yi maka daɗi ba har 28.96 ta fito. Yi zagaye uku ko biyar, ka rubuta duka, ka ɗauki matsakaici.

Danshi yana rage lambar, abin da ke ba mutane mamaki, domin iskar damina ana jin ta da nauyi a jiki. Ƙwayar tururin ruwa 18.02 ce kacal, kuma gurbin naitirojin da oksijin take shiga. A digiri 30 da danshi kashi 70, tururi ya kai wajen kashi uku cikin ɗari na iskar, nauyin ya sauko zuwa 28.6. Da hunturu kuwa yana komawa kusa da 28.9. Ginin mita 25 ba zai iya nuna wannan bambanci a fili ba, haka kuma ba zai faɗa maka yawan oksijin ba, domin tazarar 28.3 zuwa 29.3 ta haɗa daga kashi 7 har 32.

In nauyin ƙwaya ɗaya tak aka tambaya, raba M da adadin ƙwayoyin mol ɗaya, 6.022 × 10^23. Daga 0.0288 za ka samu kilogiram 4.78 × 10^-26.

10. Tambayar jarrabawa da sauran duniyoyi

A nan an riga an ba ka lambobi, aikinka shi ne sa kowace a mazauninta. Ɗauki duniyar Mars: g 3.71, zafi Kelbin 210, matsi Paskal 610 a ƙasa, a ce kuma 385 a tsayin mita 5,000. R × T ya ba da 1745.9, g × h ya ba da 18,550, ln(610 ÷ 385) ya ba da 0.4602. Amsa 0.0433, wato 43.3. Ta yi kusa da 44 amma ba ta kai ba, kuma haka abin yake: iskar Mars wajen kashi 95 kabon dayoksaid ce, sauran mafi yawa naitirojin da agon.

Hattara: kilomita a mayar mita, kuma g na duniyar da ake magana a kanta za a sa. Sa 9.81 a tambayar Mars zai ba ka 16.4, wanda ya yi kama da nauyin iskar mitan, ka faɗi amsar da ba ita ba kana da tabbaci. Idan ba a ba da g ba, aka ba da nauyin duniyar da tazarar tsakiyarta zuwa doronta, ninka nauyin da 6.674 × 10^-11, ka raba da tazarar a mita, ka sake raba abin da ya fito da ita.

Wani lokaci cewa ake yi matsi ya koma rabi a tsayi kaza. P1 ÷ P2 ya zama 2 ke nan, ln ɗinsa 0.693, ba a buƙatar sanin matsin kansa. A duniyarmu hakan na faruwa a wajen mita 5,500. A irin wannan tsayi zafi ba ɗaya ba ne, yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace kilomita, daga Kelbin 288 a ƙasa zuwa 252 a can. Sa matsakaicinsu, 270, za ka samu 28.8. Sa 288 kaɗai, za ka samu 30.8. Idan tambayar ta ce a ɗauka zafi ɗaya ne ko'ina, a bi ta. Idan ta ba da zafi biyu, matsakaicin ake so.

Wajen faɗin sunan iskar, a bi a hankali. Haidirojin 2 ce, hiliyom 4, mitan 16, amma 28 tana iya zama naitirojin ko kabon monoksaid, 44 kuma kabon dayoksaid ko furofen (propane). Haka aka yi da Titan, babban watan Saturn, inda g yake 1.35, zafi kuma wajen Kelbin 94. Lokacin da kumbon Voyager 1 ya wuce ta kusa da shi a Nuwamba 1980, yadda saƙon rediyonsa ya ratsa iskar, haɗe da awon zafi, ya ba da nauyi wajen 28, sai da aka haɗa da irin hasken da iskar ke fitarwa aka tsaya a kan naitirojin. A takardarka ma rubuta lambar, ka ambaci iskar da ta fi dacewa da ita, in kuma akwai wata mai nauyi iri ɗaya ka sa sunanta a gefe.